Aikin Oda da Aikin Kasuwa: Tarihin Yi wa Mutum Kaya Daidai da Bukatarsa a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda masu sana'a a karkarar arewacin Kano suka daɗe suna sarrafa kaya daidai da bukatar mai saye, tun daga ƙarni na 19 har zuwa zamanin masana'antu. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne, masana harkar masana'antu a Turai da Amurka sun shafe shekaru suna tattauna wata matsala, watau yaya kamfani zai yi kaya masu ɗimbin yawa cikin rahusa, kuma kowane mai saye ya sami abin da ya dace da jikinsa da aljihunsa da sha'awarsa. Ra'ayinmu shi ne, masaƙa da marina da maɗinka da maƙera na ƙasar Kano sun yi karo da wannan matsala tun da daɗewa, kuma sun samo mata hanya irin tasu. Sanin wannan hanya zai taimaka mana mu gane abin da ya sa manyan masaƙun zamani suka durƙushe alhali teloli da maƙeran ƙauye suna nan da ransu.

Za mu yi amfani da kalmomi biyu da masu sana'a suka saba da su. Aikin oda shi ne wanda mai bukata ya je da kansa, ko ya aika, ya faɗi yadda yake so a yi masa, sau da yawa har ya ba da kafin alƙalami. Aikin kasuwa kuwa shi ne wanda aka yi ba tare da an san mai saye ba, aka kai kasuwa, wanda ya ga ya yi masa ya taya.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Yankin da muke magana a kansa ya haɗa da ƙasashen Ungogo, da Minjibir, da Gezawa, da Dawakin Tofa, da Bichi, da Ɗambatta, da Makoɗa, da Kunci. Yana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, wadda Michael Mortimore ya yi nazarinta tun daga shekarun 1960, inda aka auna cewa mutanen da ke zaune a kowane murabba'in mil sun haura 350. A irin wannan ƙasa ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar gida, har da wadda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Ƙasar galibinta jigawa ce mai yashi, ta fi karɓar gero da dawa da wake da gyaɗa.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan hali. Na farko, gonar magidanci ƙarama ce, damina kuma ba ta wuce wata huɗu ko biyar, saboda haka da wuya noma kaɗai ya riƙe gida. A da, kusan kowane manomi yana da sana'ar rani: wannan masaƙi, wancan marini, wani baduku, wani maɗinki, mata kuma suna kaɗi a cikin gida. Minjibir ta yi suna wajen saƙa, ƙasar Dawakin Tofa kuma wajen ginin tukwane. Na biyu, yankin yana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura zuwa Damagaram da Agadas. A da, ayarin Abzinawa da ke kawo gishirin Bilma da rani ta nan yake ratsawa, ya koma da hatsi da tufafi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga wajen Abzin ne, sun zauna a karkarar Kano suka zama manyan fatake. Wannan ya sa mai sana'a a ƙauye yana da masu saye iri biyu: maƙwabcinsa da ya san shi ido da ido, da baƙon da ke nesa da tafiyar wata guda ko fiye.

3.0 Maƙeri da Manomi

Ƙira tsohuwar sana'a ce a Kano. Labarin gargajiya yana cewa maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama su ne suka fara zama a gindin Dala, kuma binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. A maƙera ne muke ganin aikin oda a mafi sauƙin siffarsa.

Manomin da yake son garma ko fartanya yakan je maƙera kafin faɗuwar damina. Maƙerin ya san shi, ya san gonarsa, ya san ko jigawa ce ko fadama. Ƙasa mai yashi tana son ruwan fartanya mai faɗi marar nauyi, ƙasa mai laka kuwa tana son mai kauri wanda ba zai lanƙwashe ba. Ƙotar ma ana zaɓenta ne daidai da tsawon mutum da ƙarfin damtsensa, domin wadda ta dace da ƙato ba za ta dace da yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya fara bin mahaifinsa gona ba. Haka abin yake ga sungumi na shuka, da magirbi, da lauje, da gatari. Idan an ƙera, mai kaya yakan riƙa ya gwada a nan take, in kusurwar ba ta yi masa ba a mayar wuta a gyara. A wasu ƙauyuka ba a biyan maƙeri sai da kaka, da damin gero ko na dawa, watau ke nan rabonsa yana ɗaure da albarkar gonar da ya yi wa kayan aiki.

Sai dai maƙerin nan ba ya zama jiran oda kaɗai. Da rani yakan ƙera ruwan fartanya da wuƙaƙe da lauje masu yawa a kan girman da aka saba, ya kai kasuwa. Ruwan fartanyar aikin kasuwa ne, amma sanya ƙota da daidaita kusurwa ana yinsu ne a gaban mai saye. Ya kamata mu riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a wajen tufafi.

4.0 Tufafi: Daga Ƙwarya Zuwa Riga

Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai darajar wuri miliyan 300, kuma ya ambaci cewa suna kaiwa Murzuk, da Gat, da Tarabulus, da Tambutu. Ya kuma lura da cewa ana yin wannan aiki ne a gidaje, iyali suna tare, saɓanin manyan ma'aikatun da ya sani a Turai. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, ta yaya dubban gidaje da ke warwatse a ƙauyuka suka iya gamsar da al'ummu masu bambancin sha'awa haka?

Amsar tana cikin yadda aka rarraba aikin. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya sayi zaren ya ɗaura a masaƙa, da allera da ƙoshiya da kunkuru, ya saƙa ƙwarya, watau dogon ƙyalle siriri wanda faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba. Har zuwa nan ba a san wanda zai sa tufar ba. Farar ƙwarya tana iya zama riga, ko wando, ko rawani, ko zane, ko likkafani. Sai maɗinki ya harhaɗa ƙwarya da ƙwarya, a nan ne faɗi da tsawo ke fitowa. Sai marini ya tsoma a karofi, sau nawa ya danganta da irin baƙin da ake so. Sai masu bugu su buga a mabuga har ya yi ƙyalli. Daga ƙarshe, in riga ce ta manya, a zana mata aiki a gaba da wuya, masu allura su bi zanen. Kowane mataki yana ƙara kusanto da kayan zuwa ga mutum guda. Matakan farko, waɗanda suka fi cin hannu da yawa, aikin kasuwa ne da ake yi ba tsayawa. Matakan ƙarshe ne kawai ke jiran a ji ta bakin mai saye.

Muna iya kasa abin da ke fitowa daga wannan tsari gida uku.

Kashi na farko shi ne tufafin gama-gari, irin su fari da gwado da bunu, waɗanda ake kaiwa kasuwannin ƙauye da kasuwar Kurmi.

Kashi na biyu shi ne wanda ake yi wa wata al'umma daidai da al'adarta. Babban misali shi ne turkuɗi, wanda Abzinawa ke naɗawa. Ana saƙa shi da ƙwarya siririya ainun, a ɗinke da yawa wuri guda, a rina har ya yi baƙi wuluk, sannan a buga shi da garin shuni har ya riƙa walƙiya, a naɗe a takarda. Garin Kura da ke kudu da birni shi ya fi shahara da wannan aiki, har ake kiran kayan 'yan Kura. Philip Shea, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan rini a masarautar Kano kuma ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa bunƙasar wannan ciniki a ƙarni na 19 tana da alaƙa da laso. Shi laso ana haɗa shi ne da ƙonannen katsi da gashin dabba da dafara, kuma da shi aka sami damar gina manyan rijiyoyin rini a ƙasa maimakon tukwane, rini ya yi yawa ya yi araha. Bahaushe ba ya naɗa turkuɗi yadda Ba'abzine ke yi, amma ya san faɗin da ake so da irin ƙyallin da ake biya da tsada. Wannan ilmi fatake da fatoma da dillalai ne ke ɗauke da shi. Fatoma yana saukar da baƙo, ya ji abin da ya yaba da abin da ya kushe a kayan bara, ya isar wa marini da masaƙi. Su ne kunnen masu sana'a.

Kashi na uku shi ne rigar mutum guda. Babbar riga ta saƙi, ko ta tsamiya, ko barage mai ratsin alharini, da aiki irin aska biyu ko aska takwas, tana iya ɗaukar watanni kafin a gama. Mai oda yana zaɓen ƙyalle, da yawan ƙwarya, da irin aikin, da zaren da za a yi shi da shi. Sarakuna sukan sa a yi irin waɗannan riguna domin kyauta ga hakimai da malamai da baƙi, musamman wajen naɗin sarauta, saboda haka darajar rigar tana bayyana matsayin wanda aka ba. David Heathcote, wanda ya yi nazarin aikin allura na Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya tattara zane-zanen da masu wannan sana'a ke amfani da su. Abin lura shi ne sassan zanen sanannu ne, ana gadonsu daga malami zuwa almajiri. Gwanintar mai zane tana cikin yadda ya jera su a kan rigar wane.

5.0 Zuwan Turawa da Kayan Kanti

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Burin masu masaƙun Lankasha, ta hannun ƙungiyar noman auduga da suka kafa a 1902, shi ne Arewa ta riƙa aika musu auduga ta sayi yadinsu. Hakan bai samu yadda suka so ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, manoman Kano kuma tun daga 1912 suka karkata ga gyaɗa, kamar yadda Jan Hogendorn ya bayyana. Jigawar arewacin Kano ta zama cibiyar wannan noma, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu saye.

Kuɗin gyaɗa ya ba talaka ikon sayen akoko da alawayyo da atamfa daga kanti. Wanda ya fara jin jiki shi ne matakin farko na tsarin da muka bayyana, watau kaɗi da saƙar fari, domin a nan ne inji ya fi hannu sauri nesa ba kusa ba. Matakan ƙarshe kuwa sun karɓi sabon abu sun ci gaba. Marini ya riƙa rina farin kanti. Maɗinki ya sayi keken ɗinki ya zama tela. Maƙeri ya daina dogara ga tama, ya koma ga tsohon ƙarfen jirgi da na mota, narkar da tama ta mutu amma ƙira ta rayu. Da hukuma ta fara yaɗa noman shanu daga 1928, garmar shanu daga waje take zuwa, amma a hankali maƙeran ƙauye suka koyi gyaranta, suka koma ƙera bakinta da sauran sassanta, har suna yin tasu sukutum daidai da ƙarfin shanun manomi da irin ƙasarsa.

Su ma kamfanonin Turai ba su sayar da kayansu da ka ba. Masaƙun Manchesta da na Holan sun riƙa tattara samfurin tufafin Afirka ta Yamma suna kwaikwayo, suna buga zane na musamman domin kowace kasuwa. Wakilansu na kanti sun yi musu aikin da fatoma ke yi wa marinin Kura.

6.0 Zamanin Masana'antu

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Wasu suka biyo baya a Kaduna, da kuma unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa. Tsarin da aka gina su a kai shi ne wanda Henry Ford ya shahara da shi a Amurka: a yi abu iri ɗaya da yawan gaske domin farashi ya sauko. Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, ya kafa layin harhaɗawa mai tafiya a 1913, kuma daga 1914 zuwa 1925 baƙar mota kaɗai yake fitarwa. Amma ko a can tsarin ya nuna iyakarsa, domin kamfanin General Motors ya sha gabansa ta hanyar ba mutane zaɓin launi da fasali, har aka daina yin Model T a 1927.

Masaƙunmu sun yi ƙarfi muddin akwai kariyar kwastan da kuɗin mai. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, yadin fasa-ƙwauri kuma ya cika kasuwa, daga baya na ƙasar Sin ya mamaye Kantin Kwari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki a 2007. Ba mu musun ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Abin da muke ƙarawa shi ne, masaƙun sun tsaya ne a matakin da gasa ta farashi ce zalla, inda duk wanda ya fi arahar wuta da jari zai kayar da kai ko daga ina yake.

Tela kuwa yana tsaye a matakin da ake bukatar awon kafaɗa da tsawon hannu. Har gobe mafi yawan mazan Kano, birni da ƙauye, yadi suke saya su kai ɗinki, kuma kowa ya san yadda shagunan teloli ke kwana a buɗe in salla ta gabato. Shaddar da kamfanin Getzner na Ostiriya ke saƙawa domin kasuwar Afirka ta Yamma, da mai araha ta Sin, duk sai sun bi ta hannun tela, wani lokaci da marini da mai bugu, kafin su zama tufa. Aikin wuya ya tashi daga allura zuwa keke, daga keke zuwa injin da kwamfuta ke sarrafawa, inda mai riga ke zaɓen zane kafin a ɗora. Anko na biki ma oda ce ta jama'a guda, haka atamfar da ake bugawa da hoton ɗan takara.

Sai dai kada mu ɗauka wannan mataki ba ya taɓuwa. A 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga a kan yadin da ake shigowa da shi daga Sin wanda aka riga aka buga shi da kamannin rininsu. Ma'anar wannan ita ce, kamfanin nesa ya koyi sauraron kasuwa, kuma wayar hannu ta sa hoton sabon zane yana isa ma'aikata a rana ɗaya.

7.0 Kammalawa

A 1987 Stan Davis ya raɗa wa wannan batu suna a Amurka, Joseph Pine kuma ya rubuta littafi a kansa a 1993. Manyan dabarun da ake koyarwa a wannan fage guda biyu ne: a gina kaya daga sassa sanannu da za a iya harhaɗawa ta hanyoyi da yawa, kuma a jinkirta abin da ke bambanta kaya har sai an ji bukatar mai saye. Misalin da aka fi kawowa shi ne kamfanin Benetton na Italiya, wanda ya riƙa saƙa rigunan sanyi ba launi, sai ya ga launin da kasuwa ke nema sannan ya rina. Mahalarta wannan taro za su ga cewa ƙwarya da karofi sun yi wannan aiki a ƙasar Kano tun kafin zuwan Barth.

Ba muna kiran a koma wa mazari da kunkuru ba ne, kuma ba mu manta cewa wani ɓangare na arahar tufafin ƙarni na 19 ya fito ne daga gumin bayi da ƙaramin ladan mata masu kaɗi ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne inda ƙarfin masu sana'armu yake, watau kusanci da mai saye da sanin bukatarsa. Duk wani shirin farfaɗo da masana'antu da ya tsaya ga sake kunna manyan injuna, ya bar tela da marini da maƙerin ƙauye ba wuta, ba jari, ba horo, ya fara ne daga inda muka fi rauni. Muna kuma ganin akwai aiki a gaban sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu, na zuwa Minjibir da Bichi da Ɗambatta a rubuta sunayen ƙyallaye da na kayan ƙira da ƙa'idojin awo daga bakin tsofaffin da suka rage, domin yawancin wannan ilmi a ka yake, ba a takarda ba.